Daren da Madam Ta Kwana a Kasuwa

Masu karatu, ku gyara zama. Yau abin kunya na kawo muku, kuma ba na maƙwabci ba ne, nawa ne na kaina.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan: sunana Raimi, amma tun da aka haifi 'yata Wasiyatu sunan ya ɓace, Baba Wasi nake a bakin kowa. Shekarata sittin da takwas. Gyaran agogo nake yi, sana'ar da wayar hannu ta kashe ta bar ni ina gadin gawarta. A shagona akwai agogo arba'in da ɗaya, kowanne da lokacin da ya ga dama, ban kuma taɓa tilasta musu su yarda da juna ba. Akwai wani na bango da yake tafiya da baya duk ranar da hadari ya haɗu. Shi na fi so.

Ina da mota Fijo da ta girmi Wasiyatu da shekara shida, Madam nake ce mata. Ina kuma da wadda nake so. I, ku yi dariyarku ku gama, ina jira.

Iya Dele ce, mai manja a bakin kasuwa. Mijinta ya rasu shekara uku ke nan, tawa matar kuwa shekara tara. Tana da wushirya, da wani ɗan tabo a bayan kunnen hagu mai kama da ƙadangare yana barci, in ta yi dariya sai ya motsa. Wata takwas ina zarya a gidanta, kuma tun ranar farko ta shimfiɗa mini sharaɗinta, tana auna wa wata mata kwalba:

"Baba Wasi, tsufa bai dame ni ba, rashin kuɗi ma mun saba. Amma na zauna da maƙaryaci shekara talatin, Allah ya jiƙansa. Ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba."

Na dafa ƙirji na ce ai ta zo gidan gaskiya.

To ga gaskiyar. A garinmu in Oro ya fito, dodon kakannin nan da ba a ganinsa sai dai a ji kukansa yana zaga gari, mata sukan shige su kulle ƙofa da taga, haka ma duk namijin da ba a shigar da shi kurmi ba, wato ƙungiyar asirin dodon. Waɗanda aka shigar, su ne masu titi a daren. Shekarar da aka shigar da sa'o'ina, ni ina can birnin Paraku ina koyon kwance agogo. Da na dawo, a gindin mangwaron da ake dara, wani abokina ya ce, "Kai fa? A garin kawunnanka aka yi maka ko?" Ban ce i ba. Kai kawai na gyaɗa. Wannan gyaɗa kan nake ɗauke da ita shekara arba'in da takwas, mai tambayar kuwa yau shi ne Ajana, shugaban kurmin gaba ɗaya.

Kowace shekara in lokacin Oro ya matso, sai kayan gyara su ƙare mini, in tafi Kwatano in yi mako biyu ina neman wani ƙaramin ƙarfe da ba a taɓa ƙera shi ba. In na dawo aka kawo zancen, sai in lumshe ido in ce, "Akwai abin da baki ba ya faɗa." Har Iya Dele na lumshe wa idon nan. Sau uku.

Ranar Larabar da ta wuce na ci ado: riga da wando na ashoke, saƙin hannun nan namu, ruwan toka, hula mai kunnen kare, turare kuwa har kazar maƙwabta sai da ta yi atishawa. A aljihun riga na sa mata kyauta, wani ɗan agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka kamar ƙahon rago, wanda na yi wata guda ina lallashi kafin ya yarda ya yi tafiya. Na ajiye Madam a filin motoci na kasuwa, daura da gidan Iya Dele, ƙarƙashin allon nan da kowa ya haddace: ba a barin mota bayan ƙarfe takwas na dare, saboda manyan motocin kwakwar manja da suke shigowa da asuba. Ƙarfe biyar ne lokacin. Na shafa ta na ce, "Awa ɗaya." Ta san halina, ba ta ce komai ba.

Muna tsakar gida, an zuba mini amala da miyar lalo, ina ta shirya bakin da zan fito da agogon, sai muka ji kuge. Mai shela ne: wani dattijon kurmi ya rasu da la'asar, Oro zai fito raka shi yanzu-yanzu, ba sai lokacinsa ya yi ba. Dattijon nan shekara casa'in ya yi a duniya bai taɓa ɓata mini rai ba, sai ranar da ya mutu.

Nan da nan unguwa ta ɗauki ƙarar tagogi. Iya Dele ta miƙe tana gyara ɗaurin zane.

"Tashi, Baba Wasi, kada a same ka a gidan mace a daren maza. Ai kai yau hanya taka ce. Ka gaishe su."

"Za su ji," na ce, da muryar da ni kaina ban san ta ba.

Hanyar fita daga gidanta ta ɗakin ajiyar manja take bi: daga tsakar gida ka shiga ɗakin, ka ratsa duro-duro da jarkoki, sannan ƙofar titi. Ta turo ƙofar ciki a bayana. Na buɗe ta titi, na sa ƙafa ɗaya waje. Sai na ji shi, daga can wajen rafi, wuuu, wuuu, kamar iska ta shiga tulu tana neman hanyar fita, yana ƙara matsowa. Masu karatu, ni na yi niyyar tafiya. Gwiwoyina ne suka yi shawara tsakaninsu ba su sa ni ciki ba. Na janyo ƙafata, na buga ƙofar da ƙarfi don ta ɗauka na fita, na zura sakata, na lallaɓa bayan duro na uku na tsuguna.

Ƙarfe tara daidai, agogon da na yi wata guda ina roƙo ya yi tafiya, ya zaɓi ya nuna mini ya warke. Ƙirrrrr, a cikin aljihuna. Na cusa shi a hula, na zauna a kan hular, har ya gaji. Na kasa kunne. Shiru. Na gode wa Allah da ya yi mata nauyin barci.

Wani abin mamaki kuma ya faru, ku da kuke son irin waɗannan. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, da na farka sai ga tabarma a naɗe jingine da duron, ga agidi biyu a ganye a kan murfin, da ɗan ƙosai. Na rantse ba su nan da na shigo. Na yi tunani, na yi tunani, na ga ba kowa ba ne illa marigayi mijinta. Maƙaryaci ne ya ga ɗan'uwansa a cikin wahala ya tausaya. Na yi masa addu'a, na ci, na kwanta.

Da gari ya yi haske na zare sakata na sulale. Hular ma a can na manta ta. Wandon ashoke kuwa daga baya ya zama ja wur, kamar na kwana a tukunyar miya.

Madam na nan inda na bar ta, an sa mata mari a ƙafar gaba, wani rawayan ƙarfe kamar ta yi sata. A gilashinta an maƙala takardar tara: sefa dubu goma, ga lambarta, ga wurin, ga kuma "daga ƙarfe takwas har wayewar gari" da kyakkyawan rubutu. Motocin kwakwa uku sun yi layi suna zaginta da ham. Matan kasuwa kuwa sun riga sun fito. Suka dubi Madam, suka dubi wandona, suka dubi ƙofar da na fito.

"Ina kwana, Baba Wasi," in ji Iya Risi mai tattasai, har da durƙusawa. "An tashi lafiya? Ya gajiyar jiya?"

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci, kuma ku yarda da ni, hukuncin da hankali a cikinsa. Baba Wasi ɗan kurmi ne, titi nasa ne a daren nan, ba abin da ya hana shi ɗaukar motarsa. Tunda bai ɗauka ba, to abin da ya riƙe shi ya fi Oro ƙarfi. Ƙaryar da na yi shekara arba'in da takwas ina ciyarwa ta girma, ta tashi, ta je ta ciji matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Wasiyatu tana ɗinki a Kwatano, amma kunnenta a garin nan ta bar shi. Saƙonninta suka fara shigowa a jere:

"Baba me nake ji?"

"Baba ku ɗauki waya."

"A shekarunku??"

"Na turo kuɗin tarar. Ku biya shiru, ku kwance motarku, ku koma cikin agogunanku ku zauna. Mama tana kabari ana nuna ni da baki."

Yarinyar da na koya wa ɗaurin takalmi. Na rubuta mata amsa mai tsawo da yatsa ɗaya, na goge, na tura mata hoton hannu biyu na addu'a.

Kwana huɗu ban biya ba, ban kuma fita ba. Madam tana ɗaure a kasuwa, an ce har masu doya sun fara shanya buhu a kanta. Ranar Lahadi da yamma saƙon murya ya shigo daga Iya Dele, daƙiƙa goma sha tara. Na saurare shi sau ashirin da wani abu.

"Baba Wasi, yau a wurin zikirin mata an bar mini tabarma guda ni kaɗai, kamar mai ƙyanda. Shekara uku ina riƙe da sunana da hannu biyu. Gobe ofishin magajin gari zai saurari waɗanda Oro ya kulle. Ka je ka faɗi inda ka kwana. In ka biya tarar nan shiru, to ka sallame ni tare da ita."

Ga yadda abin yake. Ofishin ya yi adalci, ya ce tunda fitar ba ta da sanarwa, duk wanda Oro ya kulle a ɗaki an yafe masa tara, muddin ya zo ya faɗi inda aka kulle shi, ya kawo shaida. Wa Oro yake kullewa? Kun riga kun sani. In na biya, na sa hannu a kan maganar Iya Risi. In na yi ƙorafi, na tuɓe rigar da na fi daɗewa ina sawa, a gaban gari.

Daren nan agogon bango ya yi ta tafiya da baya, ba kuwa hadari.

Litinin da safe na sa farar riga, na ɗora hular da nake zuwa Juma'a da ita, na tafi. A barandar ofishin mata goma sha ɗaya ne a kan benci, masu baburan kaya da masu motocin tumatir, kowacce da takardarta. Ni ne na goma sha biyu. Iya Risi ta matsa mini wuri.

"Zauna, Baba. Wa kuka zo wa? Ko ita ce ta aiko ku?"

Na ce na zo duba agogon ofishin ne. Ya kuwa makara da minti goma sha biyu, wannan gaskiya ne.

Mai sauraren ƙorafin Musye Dosu ne (Musye shi ne Malam a bakin 'yan Faransanci), baƙo daga kudu, siriri mai tabarau a kan hanci, kunnensa ɗaya ba ya aiki, don haka yana magana kamar kowa kurma ne. Tagarsa a buɗe take, tana kallon gindin mangwaro. A gindin mangwaron kuwa abokaina na dara sun cika, har da Ajana da sandarsa, kuma a karo na farko a tarihin wurin ba mai taɓa 'ya'yan darar.

"Na gaba! Suna?"

"Raimi. Mai Fijo."

"A, motar da ta hana kwakwa shiga! Baba, kun zo wa matarku ne?"

"Ni na ajiye ta."

Ya ɗaga tabarau ya dube ni. "To. Takardar nan gida biyu gare ta. Na farko: mace. Na biyu: namijin da bai shiga kurmi ba. Wanne zan cike?"

Na yi gyaran murya. "Musye, babu gida na uku? Misali, wanda wani uzuri ya..."

"Me? Ku ɗaga murya!"

"Na ce ko motar da ta lalace!"

"Akwai. Sai ku kawo takardar bakanike, a rubuta motar ba ta da lafiya, a janye ta daga titi. Ta lalace ne?"

Madam. Shekara talatin da takwas, ko sau ɗaya ba ta taɓa kunyata ni a gaban mutane ba, sai dai a bayan gari inda ba kowa. Bakina ya buɗe zai yi mata sharri. Sai na ji ƙamshin manja da sabulun salo a bayana. Ban waiwaya ba, amma na gan ta a gilashin agogon ofishin: leshi shuɗi, gwaggwaro fari ya kusa taɓa saman ƙofa, jaka a hammata, ta harɗe hannu. Ba ta yi sallama ba. Jira take.

"Lafiyarta ƙalau," na ce. "Cike gida na biyu."

"Wanne?"

"Na biyu."

"Baba, fanka tana ƙara, ku faɗa da ƙarfi!"

"NA BIYU! Ban taɓa shiga kurmi ba! Ko a nan, ko a garin kawunnaina, ko a mafarki! Da na ji kukan Oro sai na ɓuya a bayan duro na uku a ɗakin manjan Iya Dele, na kwana a can kamar ɓera, ita kuwa tana can ciki ba ta ma san ina nan ba!"

Wata mata ta ce, "Ye!" Wata ta toshe baki da bakin zane, kafaɗunta suna rawa. Iya Risi kuwa har da hawaye, tana dukan cinya. "Ashe namu ne! Shekara da shekaru ashe 'yar'uwa muke gaisarwa da durƙuso!" A gindin mangwaro wani ya saki dariya, wani ya ce masa shit.

Musye Dosu bai ko murmusa ba, ya rubuta. "Duro na uku. Shaida fa?"

Shaida. Marigayi ne kaɗai ya gan ni, shi kuma ba ya zuwa ofis.

"Ga ni."

Ta ratso ta tsaya a gefena, ta zuge jaka, ta ajiye hulata mai kunnen kare a kan tebur. Kunne ɗaya ya sha manja ya sandare.

"Falilatu sunana, Musye, ɗakin nawa ne. Duk abin da ya faɗa haka ne, ban da na ƙarshen." Ta juyo ta dube ni. "Na fito in sa sakata, na tarar an sa. Baba Wasi, wane mai fita ne yake kulle ƙofa ta ciki? Ƙarfe tara kuma duro ya fara ƙararrawa. Ni dai tun da nake sayar da manja ban taɓa jin ya yi ƙara ba."

"To... tabarmar fa? Da agidin?"

"Wa kake zato?"

"Na ɗauka marigayi ne."

Ta kalle ni sama da ƙasa. Ƙadangaren bayan kunnenta ya motsa. "Mutumin da shekara talatin bai taɓa miƙo mini kofin ruwa ba, shi zai taso daga kabari ya soya maka ƙosai?"

Har Musye Dosu sai da ya cire tabarau ya goge. Ya buga hatimi, dum. "An yafe. A kwance Fijo. Na gaba!"

A baranda Iya Risi ta kama hannun Iya Dele. "Yaya, ki yafe mana, bakinmu ne ba ya da murfi. Ranar Lahadi ke za ki ja mana baiti." Iya Dele ta ce za ta duba ko tana da lokaci.

Muka taka zuwa kasuwa, tana gaba ina baya. Na ce, "Tunda kin sani, me ya sa ba ki faɗa musu tun ranar Alhamis ba? Kika bari aka ware miki tabarma?"

"In na faɗa, ni na tona ka. Ni kuwa ba tonon nake so ba. So nake in ji ko bakin nan naka ya iya, ko sau ɗaya."

Aka cire wa Madam mari. Na kakkaɓe ɓawon doya daga kanta, na ba ta haƙuri a hankali. Kafin in zagayo, Iya Dele ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, kujerar da ba macen da ta zauna a kai shekara tara. Sai da ta sunkuyar da kai saboda gwaggwaro. Na ciro agogon nan mai ƙahon rago na miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta kara a kunne.

"Wannan ne mai gaskiyar gidanku," ta ce, ta sa a jaka. "Ranar Juma'a ka turo mutanenka wurin yayyena, Raimi. Ka kuma kira 'yarka ka faɗa mata da bakinka. Amma su zo da hantsi. Ka san mu ba ma fita da dare."

Raimi. Shekara talatin da biyu rabon da in ji sunan nan a bakin mace. Na sa makulli, Madam ta tashi bugu ɗaya, don ta nuna wa kasuwa ko ita wace ce.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashi da kan sanda. Ajana ne. Ya biyo mu tun daga gindin mangwaro, a hankali, irin tafiyarsa. Na sauke gilashin, sai da na haɗa da tafin hannu kafin ya yarda ya sauka.

"Raimi."

"Ranka ya daɗe."

"Mun daɗe da sani. Muna jira ne mu ga ranar da kayan gyara za su ishe ka." Bai yi dariya ba. "Gobe bayan la'asar ka same ni a gida. Akwai wata gyaɗa kai da za mu yi magana a kanta. Ka zo kai kaɗai."

Ya juya ya tafi, sandar tana ƙwas, ƙwas. Gwiwoyina suka fara wata sabuwar shawara. Iya Dele ta gyara zaman jakarta a cinya, tana kallon gaba.

"Ja mu tafi," ta ce. "Kada ka damu. Tabarmarka na nan bayan duro na uku, ban naɗe ta ba."